Kalmar da Ruwa Ya Wanke

Daga Auta zuwa ga Yaya

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya sanyin duwatsun nan naku? Mu nan lafiya ƙalau, sai ƙafar Umma da ta sake kumbura, amma tana shan magani kuma tana cin abinci. Ta ce in tambaye ka ko kana rufa da bargon da ta ba ka, ko ka bar shi a jaka kamar yadda ka saba.

Na kira wayarka har na gaji. Sai da Dogo, direban da ke kai muku kayan abinci, ya zo shagona karɓar ɗinkinsa, ya ce a sansaninku na masu aikin hanya ko bishiya mutum ya hau waya ba ta kamawa. Na ce to ya zauna ya sha ruwa in rubuta maka.

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Ruwan sama ya ƙi ɗaukewa, kogin bayan unguwa ya cika har ya shanye lambunan bakinsa. Masu agaji sun zagayo da lasifika suna cewa duk wanda ke gangare ya tattara ya tashi, don za a saki ruwan madatsa. Ba su faɗi rana ba. Wasu maƙwabta sun tafi, wasu suna dariya suna cewa kowace shekara haka ake faɗa. Ni dai na ga inda ruwan ya kai a jikin katangar makaranta, kuma ban yi dariya ba.

Goggo ta ce mu koma wurinta a saman bene. Ka san ɗakin nata, gado da kabad sun cinye shi. Ta ce kowa ya zo da abin da zai iya rungumewa ya hau matakala da shi. Keken ɗinkina ma kansa kawai zan kwance in bar ƙafafun.

To ga kwamfutarka. Na gwada ɗaga akwatin, wallahi kamar ka cika shi da duwatsun aikinku. Motocin ɗaukar kaya duk an riga mu, mai amalanke kuma ya ce ba zai shiga layinmu ba saboda taɓo. Na san zanen hanyar da za ka miƙa a makaranta yana ciki, wanda ka daɗe kana hana idonka barci a kansa, ga kuma hotunan marigayi Baba da ba mu da su a ko'ina. Ka taɓa ce min akwatin ba komai ba ne, abin da ke cikinsa shi ne kwamfutar. In haka ne, ka faɗa min abin da zan ciro da yadda zan ciro shi. Ka yi bayani kamar kana magana da wadda ba ta san komai ba, don a nan haka nake. Tsoron abin nake ji, ko ƙurar kansa ba ka taɓa bari na goge ba.

Don Allah ka ba Dogo amsa kafin ya juyo.

Ƙanwarka,
Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta,

Wa'alaikumus salam. Lafiyata lau, aiki da godiya. Ki ce wa Umma bargon yana kafaɗata yanzu haka. Ƙafar tata ki riƙa ɗora mata a kan matashi, kuma kada ki bari ta tsallake magani.

Takardarki ta tsinka min zuciya. Mu nan sama muna ganin ruwan da ke gangarowa daga duwatsu, kuma duk wajenku ya nufa. Kada ki saurari masu dariya. Ki fara kai Umma gidan Goggo, sannan kaya. In kin ga lokaci ya ƙure ki bar kwamfutar, ban yarda ki tsaya saboda ita ba.

In da sauran sarari, ga yadda za ki yi. Dogo yana sauke buhuna, ni kuma ina rubutu a kan gwiwata da alƙalamin zane, ki yi haƙuri da rubutun.

Ki kashe ta, ki zare wayarta daga bango, ki zare duk wayoyin da ke bayanta. Sai ki danna maɓallin kunnawa ki riƙe na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita. Ki kwantar da akwatin a kan teburinsa, ba a kan darduma ba. Hannunki ya zama a bushe, ki cire zobe da awarwaro. Kafin ki taɓa komai a ciki, ki fara taɓa ƙarfen jikin akwatin. Kin san ɗan tartsatsin nan da ke cizon mutum idan ya cire mayafi mai santsi? Ke ba zai yi miki komai ba, amma yana kashe kayan ciki. Duk sanda kika tashi kika dawo, ki sake taɓa ƙarfen.

Murfin gefe sukurori ne suka riƙe shi ta baya. Idan kin buɗe, ki ɗauki hoto da wayarki ta kowane gefe kafin ki zare ko da waya ɗaya, don in san inda zan mayar da su.

Ki fara da faifan ajiya, shi ne komai. Ƙarfe ne mai nauyi, girman ƙaramin littafi, yana ta gaba a cikin wani ɗan keji, da wayoyi a bayansa. Kan wayar za ki kama ki ja, ba jikinta ba. Ki riƙe shi kamar ƙwai, faɗuwa ɗaya ta ishe shi. Kuma ki nesanta shi da mayen ƙarfen nan da kike tsince allurai da shi.

Sai ram, 'yan sanduna ne kamar rula, a tsaye a jikin babban allon da ke cikin akwatin. Kowace tana da 'yan kunnuwa a ƙarshenta, ki danna su waje, za ta ɗago da kanta. Ki kama gefe, kada yatsanki ya taɓa haƙoran nan masu ruwan zinare. Katin hoto shi ne babban nan mai fankoki. Sukuru ya riƙe shi ta baya, sannan akwai ɗan makulli a gindinsa, in ba ki danna shi ba za ki ja ki karya. Babban allon ki kwance shi tare da fankar da ke kansa, kada ki raba su, ƙwaƙwalwar kwamfutar tana ƙarƙashi kuma ƙafafun wurin sun fi allurarki siriri. Duk abin da ya ƙi fitowa akwai abin da ke riƙe da shi, ki nema, ba ƙarfi yake so ba.

Akwatin wuta kuwa, wanda ke ƙasa ta baya inda wayar bango ke shiga, kada ki buɗe shi. Wuta tana kwana a cikinsa ko an zare shi daga bango, kuma tana kisa. Ki bar shi nan.

A saman kabad ɗina akwai kwali, a ciki za ki ga ledoji masu ruwan toka masu ƙyalli. Kowane abu ki sa shi a ledarsa. In ba su isa ba ki naɗe da takarda, ban da ledar kasuwa, ban da ulu. Ki nemo 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi ki jefa tare. Ki sa duka a abu mai murfi, a ɗora sama, nesa da taga da wurin girki, kuma kada a ɗora komai a kai.

Za ki iya. Wadda ke zura zare a allura tana hira ba ta ko duba ba, wannan ba zai gagare ta ba. Ki gaishe da Umma da Goggo, kuma ku tashi da wuri, Auta, ina roƙonki.

Yayanki

Daga Auta zuwa ga Yaya

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, kumburin ƙafar Umma ya ɗan ragu. Ban kai ta gidan Goggo ba. Na yi, na yi, ta ce babu inda za ta ta bar ni ni kaɗai a gidan da ruwa ke nema. "In za a tafi, a tafi tare," in ji ta, ta juya min baya. Ka dai san ta.

Takardarka ta iso a jiƙe sharkaf. Dogo ya ce motar ce ta maƙale a taɓo, ya fita turawa da ita a aljihun gaba. Tawadar ta bazu, wajen ninkin ma har ya ɓule. Na shanya ta a kan murfin tukunya mai ɗumi, na karanta abin da ya karantu.

Na buɗe ta, Yaya! Umma ta jawo kujera ta riƙe min tocila, don wutar lantarki zuwa take tana ɗaukewa, ɗakin naka kuma ko da rana duhu gare shi. Duk motsin da na yi sai ta ce, "Kin taɓa ƙarfen?" Har atishawa na yi ta ce in sake taɓawa. Ƙurar da na tarar a ciki kuwa, sai ka dawo za mu yi maganarta, kai da ke hana mutane gogewa.

Faifan ya fito lafiya. Da na ɗago shi Umma ta ce, "Yanzu babanku yana cikin wannan ɗan abin?" Na ce hotunansa dai. Ta miƙo hannu, na ce sai ta taɓa ƙarfe tukuna. Ta taɓa, ta karɓa, ta riƙe a cinyarta har na gama da ram.

Katin hoton ne ya ba ni wuya. Na manta da makullin, na ja, na ji ƙas. Na haska ko'ina ban ga abin da ya tsage ba, sai wani ɗan farin roba da ya faɗo. Na ajiye maka ka gani, in na yi ɓarna ka yafe min. Wayoyin kuma, bayan hoton da ka ce, na ɗaura wa kowace zare, na liƙa guntun zare mai irin launinsa a inda ta fito. Sukurorin suna cikin gwangwanin maɓallaina, na kowane wuri a ƙullinsa. Na shimfiɗa tawul a cikin bokitin roba mai murfi, na jera komai a ledarsa, na ɗora a ka na kai gidan Goggo da kaina. Mutum biyu suka ce su taya ni a hanya, na ce na gode.

Ruwa ya shigo layinmu. Da na dawo ya kai min idon sawu, jawur da shi, yana ɗauke da takalman mutane da guntayen katako. Yanzu yana lasar dokin ƙofarmu. Shiru yake zuwa, Yaya, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Sai ka juya ka yi wani abu, ka waiwayo ka ga ya hau. Masu dariyar nan duk sun gudu, layin ba kowa sai mu da tsohon da ke gadin makaranta. Umma tana zaune da carbi, in ta ga ina kallonta sai ta yi murmushi, ni kuma na san murmushin ba na gaskiya ba ne.

Abu ɗaya ya rage, akwatin wutar. Wurin ne ruwa ya fi ci a takardar. Na dai karanto "akwatin wuta kuwa, wanda ke ƙasa ta baya", sai "ki buɗe shi", sai can gaba "a cikinsa". Ban gane me zan ciro a cikin nasa ba, amma in na buɗe ai zan gani. Na kwanto shi daga jikin babban akwatin, sai dai sukurorin murfinsa ƙanana ne, sukudirebarka ta yi musu girma. Ta keken ɗinkina za ta yi daidai, ita kuma na riga na kai ta gidan Goggo. Gobe da safe zan ɗauko in buɗe, daga nan mu kulle gida mu tafi.

Dogo yana bakin titi yana ta danna hon, ya ce ba zai shigo ruwa ba. Ka yi mana addu'a.

Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta,

KADA KI BUƊE SHI. Kada na rubuta, kada! Kada ki sa masa sukudireba, kada ki ma sake ɗaukarsa. Babu abin da za ki ciro a ciki. Wuta ce a ciki, irin wadda ke tsayar da zuciyar mutum, kuma tana nan ko babu waya a bango. Ga ƙasa a jiƙe, ga shi na san ba kya sa takalmi a ɗaki. Ki bar shi, ki kama hannun Umma ku fita.

Ban ma gaishe ku ba. Ina gaishe ku, ni lafiyata lau, in wannan sunansa lafiya.

A tsaye na karanta takardarki a bakin mota. Da na kai kan "gobe da safe" na damƙi rigar Dogo na ce yaushe ta ba ka wannan? Ya ce ya yi kwanaki a hanya, taɓo ya riƙe shi. Wato goben taki ta riga ta wuce. Ina nan ina rubuta miki kada a kan abin da ban sani ba ko ya riga ya faru.

Dogo ba zai juya yanzu ba. Akwai mai tankin mai da zai sauka, na roƙe shi ya kai gidan Goggo da hannunsa. Na rubuta da biro, na naɗe a leda, na sake naɗewa. Ki ba ni amsa ko da layi ɗaya ne. Ki rubuta "ina nan" kawai, ya ishe ni.

Yayanki

Daga Yaya zuwa ga Umma

Umma,

Ina gaishe ki da ladabi, ina fatan ƙafa ta yi sauƙi, ina fatan kuna gidan Goggo ku duka. Ni jikina lafiya. Duk wanda zai karanta miki wannan, don Allah ya karanta a hankali.

Umma, shiru ya yi yawa. Takardar da na aika wa Auta ta dawo min, mai tankin ya tarar da babbar gada ta karye, ya juyo da ita a aljihunsa. Tun daga nan babu motar da ta hau, babu wadda ta sauka. Ga ta nan na haɗa da wannan. Malamin asibitin sansaninmu zai gangara neman magani, ya ce ana haye da takardu a kwale-kwale, shi zan ba.

Mai dafa mana abinci yana da rediyo. Muna tsaye a kansa da safe aka ce ruwa ya shiga unguwannin gangare, an kai mutane asibiti, a ciki har da wata mata da wutar lantarki ta ja a gidansu. Ba su faɗi suna ba, ba su ce ta rayu ko ba ta rayu ba, sai suka sa kiɗa. Abokan aikina suna ta ce min garin da girma, mata da yawa. Na sani. Amma ni na san matar da na sa ta kwance kwamfuta a cikin ruwa.

Ba na iya aiki. Na leƙa na'urar awo in karanta lamba, sai in ga ban san abin da na karanta ba. Jiya shugaban aiki ya karɓe ta daga hannuna ya ce in je in zauna kafin in sa a haƙa hanya a cikin rami.

Umma, in wani abu ya samu Auta, kada a ɓoye min don ina nesa. Ku faɗa min yadda yake. In kuma tana lafiya, ki ce ta yi min ko da zane ne a takarda, na san hannunta.

Na nemi izini an ba ni. In malamin asibitin ya tafi ban ji komai ba, zan gangaro da ƙafa har bakin gada, in nemi yadda zan haye.

Ɗanki

Daga Goggo zuwa ga Yaya

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke fata kullum. Goggonka ce ke rubutu, da tabarauna mai ƙafa ɗaya. Takardunka biyu sun iso tare, an karanta, an sha kuka.

Sai haƙuri, ɗana. Abin da Allah ya ƙaddara ya faru, kuma mun karɓa.

Gidanku nake nufi. Ruwa ya kai taga, katangar baya ta zube, ɗakinka babu abin da za a ɗauka. Auta tana nan da ranta, ga ta zaune a bakin gadona tana ce min na cika jan magana, in faɗa maka tun a layin farko. To na faɗa. Matar rediyo dai ita ce, ba wata ba.

Ga yadda aka yi, kamar yadda uwarku ta ba ni. Da safen ranar Auta ta zo ta ɗauki 'yar sukudirebarta. Na ce ke, bar tarkacen nan ki ɗauko min uwarki. Ta ce, "Goggo, abu ɗaya ya rage, Yaya ne ya ce." Ta koma. Ta tarar ruwa ya shiga ɗaki ya rufe ƙafa, an kuma kawo wuta. Wai sai ta ce bari ta jona abin a bango ta ga ko fankarsa za ta juya, don ta san ko yana da rai. Fanka ba ta juya ba. Ta ce ashe ma mataccen abu ne, ta zare wayar, ta kwance murfin, ta zura ƙarfe a ciki tana neman abin da za ta ciro maka.

Uwarku ta ce ƙara ta ji kamar an fasa kwalba, da wani haske, sai ga yarinya ta bugu da kabad ta zube cikin ruwa. Ta kira ta, shiru. Ta sake kira, shiru. Matar nan da ba ta zuwa banɗaki sai da sanda, ita ta ja Auta ta ɗora kanta a kan katifa don kada ta sha ruwa, ta fita layi ba sanda ba mayafi, ruwa har gwiwa, tana ihu. Tsohon mai gadin makaranta ya ji ta, ya kirawo masu agaji da jirginsu. Har yau in na tambaye ta yadda ta yi, sai ta ce ita ma ba ta sani ba.

A asibiti suka liƙa mata wayoyi a ƙirji. Likita ta ce bugun zuciyar ya rikice da farko, daga baya ya daidaita, suka riƙe ta har suka tabbatar sannan suka sallame ta. Babban yatsa da manuniya na hannun dama sun ƙone, hannun kuma har yanzu yana mata nauyi. Na tambayi likitar ko za ta koma riƙe allura kamar da. Ta ce ciwon zai warke, sauran sai an kwance bandeji a gani. Ba zan yi maka ƙarya in ce ta ce fiye da haka ba. Auta ba ta yi kuka a kan wannan a gabanmu ba, amma ina ganinta tana kallon kan keken nan da ke ƙarƙashin gado.

Ƙafar uwarku ta kumbura fiye da da saboda shiga ruwa, ana yi mata allura, tana samun sauƙi.

Bokitinka yana saman kabad ɗina. Na sauke akwatin kayana don shi, ka san ba kowa zan yi wa haka ba. Babu mai taɓawa. Auta ta sa na buɗe sau ɗaya na duba ko danshi ya shiga, sai da ta sa na taɓa ƙarfen gado tukuna, ni da girmana. A bushe yake ƙayau.

Yanzu ga saƙonta, ina rubutawa yadda take faɗa. Ta ce ba laifinka ba ne, ba na Dogo ba ne, kada ka yi masa faɗa. Ta ce ita ce ta ga rabin magana ta cika sauran da kanta. Ta ce kuma kada ka kuskura ka taso, kogin nan ya ci mutane a wajen gadar, ita ba ta da hannun da za ta share wa Umma hawaye. Uwarku ma ta ce ka zauna inda kake. Ni ma na ce ka zauna. Mu uku ne, kai ɗaya.

Ga zanen da ka ce ta yi maka a ƙasan takardar nan, da hannun hagu ta yi. Wai almakashi ne. Ni dai kaza na gani.

Goggonka

Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya hannu? Ya ƙafar Umma? Ki gaishe da Goggo, ki ce na gode, amma ki ce mata nan gaba in za ta rubuta wa mutum "sai haƙuri", ta fara faɗa masa wa ya rage.

Takardarta ba ta same ni a sansani ba. Na riga na taso, a bakin gada muka haɗu da malamin asibitinmu yana fitowa daga kwale-kwale. Ya miƙo min, na ga ba rubutunki ba ne a baya. Na zauna a cikin taɓo na buɗe. Da na kai kan haƙurin nan na Goggo sai na ninke takardar, na kasa ci gaba. Wata tsohuwa da ke jiran hayewa ta dafa ni ta ce, "Ɗan nan, karanta har ƙarshe, sannan ka yi kukan." Na karanta. Kukan ma na yi, a gaban mutane, ban ji kunyar kowa ba. Ta leƙa zanenki ta ce ita ma kaza ta gani.

Auta, yatsunki nake tunani. Zanen makaranta ana sake shi, hannunki kuma da shi kike ci, da shi kike riƙe da Umma duk tsawon zamana a nan. Ban san me likita za ta ce ba ranar kwance bandeji, amma ina so in kasance a tsaye a wurin in ji da kunnena. In ya kama sai an yi ta zuwa asibiti gashin hannu, ni zan riƙa kai ki. In ɗinkin mutane ya taru, ki zauna ki nuna min, in nemo wa keken ƙafafu in taka miki, ko da za su dawo da kayan suna zagi.

Na ji saƙonku ku uku, amma komawa sama ya fi hayewa nisa yanzu. Ki kwantar wa Umma da hankali, ba zan shiga ƙaramin kwale-kwale ba. Masu agaji sun kawo babban jirgi mai inji, suna ba kowa rigar ruwa, ruwan ma ya fara ja baya. Tsofaffi da marasa lafiya ake fara hayewa da su, mu masu ƙafa sai an gama da su. Na samu wuri a rumfar da suka kafa, ina cikin layi.

Wannan takardar zan ba mai kwale-kwalen da ke kai magani, shi yana hayewa yanzu. In ta riga ni isowa, ki ce Goggo ta nema min inda zan shimfiɗa tabarma, ko a kan matakala ne. In kuma na riga ta, ki bar ta a ninke, ni zan riƙe miki in karanta miki da bakina.

Yayanki